Ɗari da Sha Takwas a Hannun Baba

Litinin, 7 ga Maris, 1988. Ƙarfe biyar da rabi na yamma.

Ɗari da sha takwas.

Abin da suka rubuta ke nan. Wai zuciyar Baba tana bugawa sau ɗari da sha takwas a minti ɗaya, don haka ba shi da lafiyar ci gaba da aiki. Sau uku na karanta, saboda karatuna na aji biyar ne, ba na so in yi wa kowa ƙage. Haka ɗin dai ne.

Wannan littafin ragowar na makaranta ne. Na ɗauko shi don in ban zuba abin da ke cikina a nan ba, a fuskar wani zan zuba shi, kuma Inna ta roƙe ni kada in yi.

Bari in fara daga farko. Babana, Malam Mijinyawa, shi ne masinjan dagacin garinmu shekara ashirin da shida. Duk takardar da ta fita daga nan zuwa Beli, ko Rogo, ko Karaye, a jakarsa ta fita. Yau da safe Sulle, malamin da ke rubuta wa dagaci takardu, ya miƙa masa ambulan a liƙe, ya ce, “Ta gaggawa ce, Malam Mijinyawa. Ɗakin shan magani na hanyar Karaye, hannu da hannu.” Baba ba ya karatun boko. Ko da yana yi, ba zai buɗe ba. Ya jefa goro a baki, ya hau keke.

Ashe takardar a kansa take. Cewa ta yi a duba lafiyar wanda ya kawo ta.

Shi ya kai ta, da ƙafarsa, a keken da ni na ɗaure wa birki jiya. Amsar ma shi ya dawo da ita. Sulle ya farke ta a zaure, ya karanta da ƙarfi a gaban jama'a, sannan ya miƙo min, wai tunda na yi makaranta in tabbatar.

Talata, 8 ga Maris. Bayan azahar.

Sai yau Baba ya yi magana, shi ma sai da Inna ta matsa.

Yana da wata ƙa'ida da kowa ya san shi da ita. Muddin saƙo yana jikinsa, ba ya zama, ba ya shan ruwa, sai ya sauke shi a hannun mai shi. Haka ya tarar wurin wanda ya riƙe jakar kafin shi. Har tsokanarsa ake yi da ita a kasuwar Beli. Sulle ya san wannan sarai.

To a duba. Awa uku a kan keke cikin zafin bazarar nan. Goro ɗaya a gida, na biyu a Kafin Dafga. Ya isa ya tarar da layi, aka nuna masa benci, ya ce a'a, da saƙo a jikinsa. Ya tsaya a rana. Da malamin asibitin ya fito ya karanta, sai ya dube shi ya ce, “Ai kai ne. Kawo hannunka.” Baba ya ce a nan gabansa ya faɗi, don bai san laifin da ya yi ba. Nan a tsaye, gumi na zuba, mutumin ya riƙe hannun, ya kalli agogo, ya rubuta. Ko sannu da hanya babu.

Inna ta ce, “Malam, ko ruwa ba su ba ka ba?”

Ya ce, “Na kurɓa a randarsu kafin su liƙe amsar.”

Dagaci ya ce Baba ya huta tukuna zuwa ƙarshen wata. An karɓi jakar. Ƙanin matar Sulle, mai babur, shi zai riƙa kai takardu “kafin nan”.

Sulle yana bin mutane yana cewa wai saboda abin ranar Juma'a ne. Babu abin da ya faru ranar Juma'a. Mutum ya dawo daga masallaci, ya zauna a ƙasa a ƙofar dagaci. Kowa yana zama.

Laraba, 9 ga Maris. Da hantsi.

Baba ya wanke keken tas, har ƙarƙashin sirdi. Babu inda za shi.

Alhamis, 10 ga Maris. Ƙarfe shida na yamma.

Na rufe rumfar facina na tafi Rogo Ruma wurin Baba Hammawa. Tsohon diresa ne, ya shekara talatin yana wankin ciwo da yin allura kafin ya ajiye aiki, kuma abokin Baba ne tun suna samari. Ina sauka daga keke, ko gaisuwa ban gama ba na fara zuba. Ya bar ni har na kai aya, sannan ya ce, “Miƙo hannunka, ɗan nan.”

Ya ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannuna, ƙasan babban yatsa, yana kallon agogo.

“Ɗari da sha biyu. Kai ma a rufe rumfarka, Hadi, ka lalace.”

Na ce, “Haba Baba!”

“Zauna nan gindin darbejiya. Ga ruwa. Kada ka ƙara ambaton Sulle sai na ce.”

Bayan minti goma sha biyar ya sake riƙewa. Saba'in da huɗu. Mutumin nan dai, hannun nan dai.

Ya ce zuciya ba taki ɗaya take yi ba. Gudu yana ɗaga ta, da zafin rana, da ƙishirwa, da goro, da shayi mai kauri, da taba, da zazzaɓi. Tsoro da fushi kuwa ba a magana. Hutu da barci su ke kwantar da ita. Babban mutum in ya huta, daga sittin zuwa ɗari ba laifi. Duk mai ƙirgawa sai ya zaunar da mutum tukuna. “A makon farko ake koya mana wannan,” in ji shi. “Amma ba lallai mugunta ba ce. Layi ne da sauri.”

Ni ban ga bambanci ba. Jakar dai an karɓe.

Ya koya min. Yatsu biyu, ban da babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugun, sai ya ruɗe ka. Minti ɗaya cur, ba a yankewa. Ya ce in lura da tafiyarta kuma, ba yawanta kaɗai ba. Ya ara min agogonsa mai tsinken sakan. Sannan ya gaya min akwai wata Sista da ke zuwa daga Kano duk Alhamis ɗin ƙarshen wata a wannan ɗakin shan maganin, kuma takardarta tana kashe ta malamin.

Da zan hau keke ya ce, “Ranar Juma'ar nan da ake faɗa, me ya faru?”

Na ce rana ce ta yi yawa. Ya dube ni kawai.

Juma'a, 11 ga Maris. Ƙarfe shida da rabi na safe.

Da farko Baba ƙi ya yi. “Ni akuya ce, da za ka riƙa lallatsa ni kamar ranar kasuwa?”

Inna ta ce, “Malam, waɗanda ba su san darajarka ba ma ka miƙa musu, balle ɗanka.”

Ya miƙo, yana kallon bango.

Yana kishingiɗe bayan asuba: saba'in da biyu.

Saba'in da biyu! Ina ma Sulle yana kusa in manna masa a goshi.

Na sake ƙirgawa saboda wani abu da na ji. Ina jin yatsana ne ya zame. Na sa ɗan ɗigo a gefe, don in tuna kawai.

Asabar, 12 ga Maris. Gab da magariba.

Kwance da asuba, saba'in. Ya miƙe tsaye, saba'in da tara. Rabin awa bayan goro, tamanin da biyar. Da ya dawo daga masallaci cikin ranar azahar, casa'in da ɗaya.

Da la'asar muna zaune a ƙofar gida, hannunsa a hannuna, sai ga babur ɗin nan ya wuce, jakar Baba tana lilo a wuyan mutumin kamar tandun mai. Baba bai motsa ba, har ɗaga masa hannu ya yi. Amma a ƙarƙashin yatsuna na ji ta zabura. Ɗari da huɗu.

Shekarata ashirin da huɗu da mutumin nan ina zaton ba ya jin haushi.

Ɗigo biyu.

Litinin, 14 ga Maris. Ƙarfe huɗu.

Gari ya ɗauka. Yanzu ba a kawo min faci sai an haɗa da miƙo hannu. Wai Likita Hadi. Ban damu ba, so nake in tara shaida.

Ɗanmaliki mai haƙar rijiya, ƙato kamar rumbu, hamsin da huɗu. Na tsorata, na ce ko mutuwa yake shirin yi. Ya ce, “Ni? Jiya daga rijiya mai zurfin gaba goma sha biyu na fito, ko haki ban yi ba. Agogonka ne malalaci.” Na tuna Baba Hammawa ya ce mai aikin ƙarfi kullum, zuciyarsa takan saba, ba ta gaggawa.

Jaririn ƙanwata Barira, ɗan wata biyu, a ƙirji na ji nasa. Ɗari da talatin da biyu, yana barci abinsa har da murmushi. Barira ta ce, “To Yaya, a kai shi wurin Sulle ya sallame shi daga shan nono.”

Inna, tamanin. Na ce mata matar Sulle tana gaishe ta. Casa'in da takwas. Ta fizge hannunta ta ce in tashi in ba ta wuri.

Ashe da hukuncinsu za a bi, rabin garin nan an sallame shi.

Laraba, 16 ga Maris. Da asuba.

Saba'in da ɗaya. Ɗigo ɗaya. Agogon nan tsoho ne.

Juma'a, 18 ga Maris. Bayan an sauko.

Barira ta kwana biyu da zazzaɓi. Shekaranjiya ɗari da sha biyu, yau da jikin ya yi sanyi saba'in da takwas. Na rubuta, shi ma shaida ne.

Abin da ya ƙona min rai a masallaci ya faru. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga da suka tare Baba da “Ya jiki, Malam?” Waɗanda da suke ce masa “Ina aka nufa yau?” Mutumin da ya kai musu takardun taki, ya kai na rigakafi, ya taɓa ratsa rafi da jaka a ka da damina, yau shi ake sunkuyo wa ana magana a hankali kamar mai jinya.

Shi kuma sai ya ce, “Da sauƙi.”

A hanya na ce, “Baba, sauƙin me? Ka ce musu lafiyarka ƙalau mana.”

Ya ce, “Ka rage sauri, Hadi.”

Baba bai taɓa ce wa kowa ya rage sauri ba. Rana ce. Yau ma an yi rana.

Litinin, 21 ga Maris. Ƙarfe biyu.

Na je zauren dagaci da littafina. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na yi gaisuwa yadda Baba ya koya min. Akwai masu unguwanni uku, da liman, da Sulle a gefe da biro a kunne.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba jayayya na zo yi ba. Roƙo na zo yi a sake duba Baba ranar da Sista za ta zo.” Na karanta masa na Ɗanmaliki, da na jariri, da na Barira, da na Baba kwance da tsaye da bayan goro.

Sulle ya yi dariya. “Ranka ya daɗe, mai facin keke ne fa. Aji biyar. Yau shi zai gyara wa ma'aikacin lafiya aikinsa?”

Dagaci mutum ne mai son ganin abu da idonsa. Ya ce, “To Hadi, ga Sulle nan lafiyayye, tun safe yana zaune a inuwa. Gwada mana a kansa.”

“Ranka ya daɗe, ai ni...”

“Miƙa masa.”

Tafin hannunsa duk danshi. Na ƙirga minti ɗaya cur, ban rage ba, ban ƙara ba, Allah ne shaida.

“Ɗari da sha shida, ranka ya daɗe.”

Liman ya ce, “Saura biyu ka kamo Mijinyawa, Malam Sulle, kuma ko keke ba ka hau ba.”

Sai wuri ya kece da dariya. Wani mai unguwa ya ce a karɓi biron a ba ƙanin matarsa. Dagaci ya share ido da bakin rawani, ya ce a rubuta takarda a sake duba Baba ran talatin da ɗaya ga wata. In Sista ta ce lafiya, jakarsa tana nan tana jiransa.

Ina sa takalmi a waje Sulle ya biyo ni. Na zaci zagi zai yi. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, “Yau ka ci ni. Amma ranar Juma'ar nan ni da kai ne kusa da shi. Na ga idonsa. Kai ma ka gani.”

Na ce ya kama gabansa.

Munafuki. In tausayi ne, me ya hana shi zuwa gida, ya yi sallama, ya gaya wa Baba baki da baki? Sai ya ɗora wa dattijo takardar korarsa, ya ce masa ta gaggawa ce. Ya san zai yi gudu. Ya san ba zai zauna ba.

Talata, 22 ga Maris.

Ban ƙirga ba yau.

Alhamis, 24 ga Maris. Da hantsi.

Mun shirya da Inna. Daga yau ba goro, ba shayi mai kauri, har ranar. Ta ɓoye ɗan huhun a cikin tukunyar daddawa, inda ta san Baba ba zai leƙa ba.

Gidan ba ya zaunuwa. Ya yi wa kaji faɗa, ya yi wa buta faɗa. Ya ce, “Sulle ya raba ni da jaka, ku kun raba ni da goro. Saura wa zai zo ya karɓi hular?”

Inna ta ce, “In ta hana ka barci ita ma sai mu ɓoye.”

Kwance, sittin da tara. Ɗigo uku. Ba goro kuma.

Asabar, 26 ga Maris. Ƙarfe ɗaya.

Wani ya kawo min keke daga Beli, wai sarƙa tana tsallake. Na juya feda da hannu, lafiya lau, zagaye goma ba komai. A na sha ɗaya ta yi ƙat, ta wuce. Haƙori ɗaya ne ya cinye. Irin wannan a kan shimfiɗa ba ka ganewa. Sai an zo hawa, mutum ya miƙe ya danna da ƙarfinsa duka.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba. Ba littafin keke ba ne.

Litinin, 28 ga Maris. Bayan la'asar.

Inna ta same ni a zaure ta ce, “Hadi, me kake ji a hannun babanku da fuskarka take canzawa?”

Na ce, “Lissafi ne, Inna. In ana lissafi haka fuska take yi.”

Saura kwana uku. Abin da aka zalunce shi a kai shi nake gyarawa. Yawa suka rubuta, yawa zan ƙaryata. Ba wanda ya tambaye ni wani abu daban.

Laraba, 30 ga Maris. Karaye, gidan Gwaggo Tani. Gab da magariba.

Da sanyin safiya muka fito, ni a sirdi, Baba a kariya. Tun daga ƙofar gida yake mita. “Shekara ashirin da shida ina bin hanyar nan, yau an ɗauko ni kamar buhun gyaɗa. Kauce wa yashin can, kai! Bi ta hagu, akwai rami bayan tsamiyar nan.” Kowane rami ya san shi, kowane kare ya san gidansu.

Takardar tana aljihuna. Na san in a jikinsa take, gobe ba zai zauna ba.

Gwaggo ta shimfiɗa masa a inuwa, ta dama fura. Ta ɗauko goro za ta ba wanta, na tare. Ta ce, “Yau na ga ikon Allah, ɗa yana yi wa uba takunkumi.”

Alhamis, 31 ga Maris. Ƙarfe goma sha biyu.

Saba'in da shida.

Sunanta Sista Lauratu, doguwa, mai tabarau. Sai da ta gaishe shi tukuna. “Sannu Baba, an zo lafiya? Zauna ka huta.” Ta bar shi a benci a inuwa, ta sallami mutum uku, sannan ta dawo. Malamin ranar nan yana gefe. Da ta ji yadda aka yi wancan karon, kallo ɗaya ta yi masa, ya sunkuyar da kai. Daga baya ya zo ya ba Baba haƙuri. Na so in ji daɗin wannan fiye da yadda na ji.

Layi har waje, mata da goyo. Sakan goma sha biyar ta ƙirga, ta ninka sau huɗu. Sha tara sau huɗu.

Ni na san abin da nake sa wa ɗigo ba cikin kowane sha biyar yake zuwa ba.

Ta ce, “Baba, kana jin jiri? Numfashi yana yi maka wuya?”

Ya ce, “Lafiya lau, 'yata.”

Ta juyo gare ni. “Kai ne ɗansa? Akwai abin da ka lura da shi a gida?”

Littafin nan yana cikin rigata, ina jin gefensa a haƙarƙarina.

Na ce babu.

Juma'a, 1 ga Afrilu. Bayan la'asar.

Baba ne ya miƙa amsar Sista da hannunsa, a tsaye. Dagaci ya sa Sulle ya karanta da ƙarfi, kamar wancan karon, sannan ya sa shi ya ɗauko jakar ya rataya wa Baba da kansa. Inna ta fito da huhun goro, yana warin daddawa, aka raba wa maƙwabta.

Mun ci nasara. Na rubuta don in gani a rubuce.

Ranar Litinin akwai takardun Rogo. Akwai hawan nan na bayan rafi. Azumi saura mako biyu da 'yan kwanaki, kuma Baba bai taɓa ajiye azumi don tafiya ba.

Na taɓa nawa hannun ina zaune ba abin da nake yi. Ɗari da biyu.

Asabar, 2 ga Afrilu. Ƙarfe biyar.

Ina zuba wa sarƙar keken Baba mai a zaure, ya zo ya zauna a kan turmi. Ya ce, “Kawo littafin nan.”

Na ce, “Baba, ai boko ne.”

“Na sani. Karatu ne ban iya ba, ba makaho ba ne ni.”

Ya buɗe, ya bi gefen shafi da yatsa. “Waɗannan fa? Kullum ka gama sai ka ɗiga, sannan ka ƙi kallona.”

Na ci gaba da zuba man.

“Duk sanda yatsanka ya ƙame a hannuna, ni ma a lokacin nake jin ta. Kamar ka taka feda ka ji wayam. Tun kaka nake jin ta.”

Na ce, “Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?”

Ya ce, “Kai me ya sa ba ka gaya wa Sista ba?”

Man yana ɗiga a ƙafata, na kasa ɗago kai.

Ya ce, “Ni abin da ban yarda da shi ba, a karɓe ta a wuyana a gaban jama'a kamar an kama ɓarawo. Wannan ka wanke min shi, Allah ya yi maka albarka. To saura ɗayan. Gobe ka nemo takarda mai kyau.”

Lahadi, 3 ga Afrilu. Da hantsi.

Bari in rubuta, tunda dai yau sai na rubuta.

Ranar Juma'ar nan ba zama ya yi ba. Faɗuwa ya yi. Muna tafe yana ba ni labari, sai maganar ta yanke, gwiwoyinsa suka saki. Ni na tare shi. Idonsa ya juye, fari kawai nake gani. Bai fi a ƙirga goma ba ya dawo, yana tambayar wa ya zaunar da shi. Kuma ɗigon nan, duk inda na sa shi, zuciyarsa ce take tsallake bugu. Takan yi shiru, sannan ta dawo da ƙarfi kamar an tura ƙofa.

Har yanzu ina jin haushin Sulle. Na fi jin haushinsa ma yau, don ya ga gaskiya ya nannaɗe ta a cikin wulaƙanci, har na kwashe wata guda ina faɗa da wulaƙancin na bar gaskiyar tana jira. Amma ba Sulle ne ya ce wa Sista babu ba.

Na rubuta mata takarda. Na faɗi duka, har da ƙaryata. Na karanta wa Baba sau biyu kafin in liƙe, Inna tana bakin ƙofa tana ji, ta toshe baki da mayafi.

Ya ce, “Gyara wuri ɗaya. Ba sau ɗaya ba ne, sau biyu ne. Akwai na hanyar Beli, da ba wanda ya gani. Keken ne ya tashe ni, ya danne min ƙafa.”

Na gyara.

Da rana zan je Rogo Ruma. Baba Hammawa ya san asibitin da take aiki a Kano.

Litinin, 4 ga Afrilu. Tashar motar Karaye, ƙarfe goma sha ɗaya.

Da sassafe Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya rataya jakar, ya tafi zaure. Na bi shi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya cire jakar da hannunsa ya ajiye a gaban dagaci.

“Ranka ya daɗe, ga amanarka. Ba wanda ya karɓa, ni na kawo. Za ni Kano a duba ni.”

Dagaci ya dubi jakar. Sannan ya ce, “Mijinyawa, Allah ya ba da lafiya. Tabarmarka tana nan a zauren nan.”

Baba ya juya ga Sulle. “Malam Sulle, idonka ya gani daidai. Amma nan gaba in za ka aiki mutum da takardar da ta shafi kansa, ka gaya masa. Zai kai.”

Sulle ya cire biron daga kunne, ya rasa inda zai sa shi.

Na ɗauko shi a kariya har nan, mun bar keken gidan Gwaggo. Takardar Sista ya ce a ba shi, shi zai riƙe. Ya sa ta a aljihun gaba. Mota ba ta cika ba, rana ta fara zafi, shi kuwa yana tsaye ƙyam a gefen benci. Na sayo ruwa a moɗa na tsaya a gabansa.

Ya taɓa aljihun. “Da saƙo a jikina, Hadi.”

Na ce, “Ni na aiko ka, Baba.”

Ya dube ni. “Wanda ya aiko ni ya ce in zauna?”

“Ya ce ka zauna. Ya ce ka sha ruwa.”

Ya ce, “To.”

Ya zauna, ya shanye, ya miƙo hannu ba tare da na tambaya ba.

Saba'in da takwas. Ta tsallake sau biyu. Ban sa ɗigo ba, ga shi nan na rubuta shi da baƙaƙe.